Biro Biyu, Hannu Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ambulan biyu suka shigo gidanmu yau da hatimin jami'a, ɗaya na Baba ɗaya na Mama. A ƙarshen kowane zango ɗalibai sukan cike fom su auna malamansu, daga maki ɗaya zuwa biyar, a ƙasa kuma akwai fili da mutum zai zazzage abin da ke ransa ba tare da ya sa suna ba. Da can ban damu da abin ba. Bana na damu, don bana Mama ke cika shekara uku na gwaji, kuma ranar 24 kwamiti zai zauna ya ga ko za a tabbatar da ita a aiki. Uku da rabi ake nema.

Baba ya miƙo mini nasa ya ce, "Uwata, zo ki karanta mana, tabarauna ya yi nisa." Tabarau yana nan a aljihun rigarsa, ina kallonsa. Wata bakwai ke nan tabaraun nan yana yin nisa.

Huɗu da ɗigo shida ya samu! Na gyara murya irin ta masu labarai a rediyo na karanta. "Dakta ba ya wasa, ya san aikinsa." "Idan ya gyara maka takarda sai ka ji kamar ubanka ne ya ja maka kunne." "Kalma uku zai rubuta maka, ka gane abin da ka kasa ganewa wata guda." Auta tana ta tafi tana cewa a sake na jan kunnen. Na sake har sau biyu.

Sai da na gama na lura Mama ta tsaya a ƙofar kicin da wuƙa da rabin albasa a hannu. Baba ya ce, "Naki fa, Malama?" Ta ce, "Sai na huta." Ta tura shi cikin jaka ta ja zif.

Talata, 4 ga wata, bayan na dawo daga makaranta

Na yi alkawari ba zan rubuta abin da ake yi a teburin cin abincinmu da yamma ba. Amma littafin nan nawa ne, kuma a cikin rigar filo yake kwana.

Darasi ɗaya suke koyarwa, ƙididdiga ta 'yan aji ɗaya. Ɗalibai sun yi yawa, aka raba su biyu, rabi ajin Baba rabi ajin Mama. Baba yana shiga aji ya yi lacca da ka, ya haddace komai har da inda allo ya ƙare. Takardun gwaji ne ba a iya haddace su. Su Mama ke jerawa tsibi biyu a tebur. Nata ta gyara da jan biro. Nasa ta ɗauki koren biron da kowa ya san Baba da shi, ta ɗan kwantar da hannunta don rubutun ya yi kama da nasa, ta gyara. Wani lokaci tana cikin yi sai ta ga ta rubuta rabin layi da biron da ba shi ba, ta yi tsaki ta ce in miƙo mata abin gogewa.

Shi ke nan. Na rubuta. Ba wanda ya mutu.

Aminiyata ta ba ni aron sabon littafi, na wani matuƙin jirgin ruwa da yarinya mai ɗinki. Ya riga ya kalle ta sau biyu.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Makullin ɗakin ajiya Mama ta aike ni in ɗauko a jakarta. Wallahi makulli na je ɗauka, sai ga ambulan ɗin nata.

Biyu da ɗigo takwas.

"Ba ta murmushi." "Masifa kamar an aiko ta." "Muryarta tana sa mini ciwon kai." "Kaya uku gare ta, mun ƙirga." "Ta ɗauki kanta farfesa." "A mayar da mu ajin mijinta." Wani ya rubuta abin da ba zan kwafa a nan ba, a kan yadda take juya baya idan tana rubutu a allo. Wata ɗaya ce, ina jin mace ce, ta ce, "Ta zauna da ni awa guda a ofis har na gane." Ita ma uku ta ba ta.

Tambaya ta bakwai ita ce: shin gyaran da malami ke yi a takardarka yana da amfani? Baba, huɗu da ɗigo takwas. Mama, biyu da ɗigo huɗu. A ƙasa wani ya ce, "Kalma uku za ta rubuta maka, kamar ana sayar mata da tawada."

Kalma ukun nan na san su. "Sake karanta tambayar." Na ga ta rubuta su da ja, na ga ta rubuta su da kore, a zama ɗaya, kofin shayi ɗaya yana hucewa a gefenta.

Kuma kayanta sun fi uku. Biyar ne na zuwa aiki.

Juma'a, 7 ga wata, da safe

Ban ce komai ba. Ita ma ba ta ce ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe



Mama ta tafi kasuwa da Auta. Baba yana zaune a baranda ya juya fuska wajen haske kamar yadda yake yi yanzu. Ya ce, "Uwata, uwarki ta bar jakar aiki?" Na ce e. Ya ce, "Ɗauko mini ambulan ɗin nan. Kwana biyar tana hutawa, wannan hutu ya yi tsawo."

Na ɗauko. Na buɗe. Na ga "ba ta murmushi" a layin farko, na ɗago na ga ya karkato da kunne yana jira, yana ɗan murmushi tun kafin ya ji. Ban san lokacin da bakina ya ce "uku da ɗigo tara" ba.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! To me take ɓoyewa? Karanta, karanta."

Sai na yi ta karanta abin da babu. "Malama tana da haƙuri." "Ba ta gajiya da tambaya." Abin ya zo mini da sauƙi har na ji tsoro. Da na ƙare na gaskiya-gaskiya sai na shiga na littafi. Na ce wani ya rubuta, "Muryarta tana kwantar da zuciya kamar ruwan sama a kan kwano."

Baba ya yi dariya har da buga gwiwa. Ya ce, "Ɗan ƙididdiga ne ya rubuta wannan? Nemo mini lambarsa, in ji dalilin da ya sa yake sauraron muryar matata maimakon darasi." Ya ce kunya ce ta hana ta nunawa, haka take tun tana ɗaliba, idan ta ci jarabawa sai ta ɓoye takardar. Ya ce kada in faɗa mata mun duba.

Rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun kafin likitan ido na biyu.

Lahadi, 9 ga wata, da rana

Matuƙin jirgin ya rubuto wasiƙa. Na karanta shafin sau uku ban san me ya ce ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyar da kwata na yamma

Anti Sakatariya ta sashensu ta zo, ita ce ke buga takardun nan ta raba. Baba yana ɗaki yana sauraron rediyo. Suka shige kicin, ni kuma ina wanke-wanke a bayan taga, ba su san ina nan ba, ko kuma sun ɗauka ni da bokiti duk ɗaya ne. Mutane sukan ɗauka haka.

Anti ta ce, "'Yar'uwa, Juma'a ake rufe karɓar ƙorafi. Layi biyu kawai ki rubuta, ni zan buga miki. Shekara goma sha tara ina buga takardun nan, na haddace su. Namiji ya yi tsawa, su ce ya iya riƙe aji. Mace ta yi, su ce an ɓata mata rai a gida. Ni ko kayan da Dakta ke sawa ba a taɓa rubuto mini ba, alhali rigarsa mai ruwan toka ta girmi Autarki."

Mama ta ɗan yi dariya. Ta ce, "Idan na yi ƙorafi me za su yi?"

"Su ɗauko takardun da kuka gyara, ajinki da nasa, su jera a tebur su gwada. Kowa ya ga aikinki."

"Su jera su ga me?"

Na ji cokali ya daina juyawa a kofi.

Can Anti ta ce, a hankali, "Ni dai na daɗe da sanin bakwai ɗinki mai ɗamara a tsakiya. Dakta bai taɓa yi wa bakwai ɗamara ba."

Mama ta ce, "To kin gani. Ke da ba ki nema ba kin gani. Ina ga mutum biyar da aka ce su zauna su nema?"

"To sai ki tsaya a yanka ki?"

"Sha shayinki, Anti, zai huce."

Na bar kofi ya suɓuce cikin ruwa don su san akwai mutum. Ba wadda ta leƙo.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Idan na faɗa wa Baba yau, akwai sauran kwana biyu.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Kwana ɗaya. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa da kofin ruwa har hannuna ya gaji. Ya ce, "Wa ke nan?" Na ce ni ce. Ya ce, "Uwata mai ruwan sama." Na ajiye ruwan na fita.

A littafi idan yarinya tana da magana a ciki, wani abu yakan faru ya fito da ita, a yi ruwa, ko a tsinci wasiƙa. A gidanmu ba abin da ke faruwa sai Auta tana neman safarta.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An rufe.

Mama ta dawo ta wanke labulen falo duka, waɗanda aka wanke makon jiya.

Litinin, 17 ga wata, kafin magariba

Baba ya dawo da wuri. Bai cire takalmi ba. Ya zauna a kujerar tebur ya ce, "Kira mini yayarki," Auta ta ce, "Ga ta nan a gabanka, Baba." 

Shugaban Sashe ne ya tare shi a matakala yana yi masa jaje, wai abin Malama bai yi daɗi ba, amma za a duba.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi so. Ya ce, "Uwata, nawa ne?" Na faɗa. Ya ce, "Ɗauko. Karanta mini daga farko, kada ki tsallake ko waƙafi." Na karanta. Na karanta na murmushi, na murya, na kaya. Da na zo wanda ban kwafa ba na tsaya, ya ce, "Ci gaba." Na karanta shi da bakina a gaban Baba. Da na zo tambaya ta bakwai ya ce in sake. Ya ce in ɗauko nasa in karanta tasa ta bakwai. Ya sa tafin hannu ya rufe fuska.

Sannan ya ce, "Idanuna na ba ki aro, Uwata. Ba ni da wasu."

Ba zan iya rubuta sauran ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun rufe ƙofa amma bangon gidan nan kamar kwali yake.

Baba: "Kwana goma sha huɗu kina zuba mini abinci kina tambayata ko gishiri ya ji!"

Mama: "To me zan ce maka? Ka je ka faɗa? Su ce ka ɓoye musu, su ce ni na yi rubutu da sunanka. Mu biyu za a nuna wa ƙofa, Dakta. Gidan nan na jami'a ne, ko ka manta? Yaran nan a ina za su kwana, a kan gaskiyarka?"

"Huɗu da takwas ɗin nan naki ne!"

"Na sani nawa ne. Ba sai an buga mini a takarda ba."

"Malama…"

"Shekara ɗaya da rabi ya rage maka ka ajiye aiki da mutuncinka. Na ƙirga, na iya ƙirga, ko ɗalibai sun ce ban iya ba?"

Bayan nan ta same ni a ɗaki ina ninke kayan da na riga na ninke. Na ɗauka za ta mare ni. Ta zauna a bakin gado ta ce, "An ce muryata kamar ruwan sama." Na fashe da kuka. Ta ce, "Share hawayenki. Gara da kika yi. Da ya sani kafin Juma'a da ya rusa mu duka."

Wannan ya fi marin ciwo. Ban so a ce gara ba.

Laraba, 19 ga wata, da safe

Na mayar wa Aminiyata littafinta. Ta ce, "Kin ga ƙarshen? Kin yi kuka?" Na ce e.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yau ban je makaranta ba. Mama na fita Baba ya ce, "Sa mayafinki, za ki raka ni." Kullum shi kaɗai yake tafiya ofis, ya san taku nawa ne daga ƙofarmu zuwa bishiyar kwana, wadda ke kusurwar hanya, daga nan zuwa matakala. Yau ya ce in riƙe masa gwiwar hannu, kuma kada in saki ko mun haɗu da mutane.

Mun haɗu da su. Ɗalibai suna ta rusunawa, "Barka da safiya, Dakta." Wasu suka bi hannuna da kallo. Ina ta tunanin wane ne a cikinsu ya ƙirga kayan Mama. Duk fuskokinsu masu kirki ne. Wani har ya karɓar mana jaka. Na so in ga mugu ɗaya mai kama da mugu, ban gani ba.

Anti Sakatariya ta gan mu ta miƙe tsaye. Ta ba ni kujerar da ke jikin ƙofar Shugaban Sashe, ita kuma ta daina buga na'ura.

Na ji Baba yana faɗa tiryan-tiryan, da irin muryar laccarsa. Wata nawa, takardu nawa, wane biro. Ya faɗi kalmar ma, wadda ba ma faɗa a gida.

Shugaban Sashe ya yi gyaran murya. Shi ma ɗalibin Baba ne a da. Ya ce, "Malam, ban ji ba."

"To in sake faɗa?"

"Don Allah, Malam, kada ka sake. Idan na ji, dole in rubuta. Idan na rubuta, ba maganar maki za a yi ranar Litinin ba, maganar wadda ta sa hannu a takardun da ba nata ba za a yi. Kai za a ce lalura ce, a tausaya maka. Ita fa? Ka san yadda za a faɗe ta."

"Amma ka ga abin da lambobin nan ke nunawa! Hannu ɗaya, kalmomi ɗaya. Ni na koya maka wannan, idan komai ɗaya ne sai abu ɗaya ya bambanta…"

"Na gani, Malam. Wallahi na gani. Amma hujja ce da ba wanda zai iya ɗagawa sama. Zan yi iya ƙoƙarina kada a sallame ta."

A hanyar dawowa Baba bai ƙirga taku ba. Ya bar mini nauyinsa duka. Ban san ya rame haka ba.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Mama ta goge kaya biyar ɗin ta jera a gado tana kallo. Ta tambaye ni wanne. Na ce shuɗin. Ta tsaya gaban madubi ta yi murmushi, ta sauke, ta sake yi, ta sauke. Ba ta san ina gani ta madubin ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Minti goma sha biyu suka yi da ita. Ta ce sun ba ta ruwa. Ta ce wani farfesa ya ce mata ɗalibai 'ya'ya ne, suna son a nuna musu uwa.

Talata, 25 ga wata

Ba komai.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe shida saura na yamma

Takarda ta zo. Mama ta ajiye a tebur ba ta buɗe ba. Baba ya ce, "Uwata." Ban ɗauka zai sake ba ni ba. Na karanta yadda take, ban ƙara ban rage ba.

Ba a tabbatar da ita ba. Ba a kuma sallame ta ba. An ƙara mata shekara ɗaya ta gwaji, idan makin bai kai ba a zango biyu masu zuwa, shi ke nan. Sai sakin layi na uku. Kwamiti ya lura cewa rauninta ya fi yawa a wajen gyaran takardun ɗalibai, don haka an haɗa ta da gogaggen malamin da ya fi kowa maki a wannan fanni a sashen, ta riƙa zama a bayan ajinsa, ta duba yadda yake gyara, ta koya. Sunan Baba ne a wurin. Shi kuma zai riƙa aiko da rahoton ci gabanta duk wata.

Baba ya ce, "Inna lillahi," ya kasa ƙarasawa.

Auta ta ɗago daga aikin gidanta ta ce, "To Baba wa zai rubuta masa rahoton?"

Sai Mama ta fara dariya. Ta yi ta yi har ta dafa tebur, har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Ashe bana zan ji an yabe ni. Dakta, ka ce tana ƙoƙari, ko? Ka ce yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, sai dai a hankali." Auta ma ta kama dariya don ta ga ana yi. Ni na ga inda dariyar ta juye, Baba kuma ya ji. Ya miƙa hannu yana laluben nata a kan tebur, ya ture kofi, ya ture gishiri. Ta bar shi ya yi ta nema na ɗan lokaci kafin ta matso da hannun.

Litinin, 1 ga sabon wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

An koma zango. Na tsaya a taga da burodina a hannu.

Sun fita tare. Tana riƙe da jakarsa da tata, tana gaya masa inda ruwa ya kwanta a hanya. Da suka kai bishiyar kwana, inda ake fara haɗuwa da ɗalibai, ta miƙa masa jakarsa, ta gyara masa wuyan riga, ta ja baya taku biyu.

Shi ya wuce gaba. Ita ta bi shi a baya da sabon littafin rubutu.